Katunan kalmomin kiɗa da na saya wa 'ya'yan yayata, bayan wata bakwai suna shan hannu

Wata bakwai kenan da na sayi kwalin katunan nan na koyon kalmomin kiɗa, irin waɗanda a fuska ɗaya za ka ga alama ko kalma, ka juya baya ka ga ma'anarta, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a kansu tun farko sabida sabon abu kowa yabonsa yake yi, sai ya sha hannu tukuna ake sanin halinsa. Yanzu kam sun sha hannu, gefen wasu har ya fara lanƙwashewa, toh zan iya magana. Kamfanoni da yawa suna buga irinsu kuma kusan tsarinsu ɗaya ne, don haka abun da zan faɗa inaga zai amfani duk wanda yake shirin saya wa yaron da ya shiga badujalar makaranta ko okestira (ƙungiyar makaɗa mai haɗa kayan tsirkiya da na busa), ko ma wane iri ya samu.

Ni dai torombon na busa, shekara biyar a badujalar makaranta sannan daga baya na ɗan zauna a layin baya na wata ƙaramar okestira, kuma har yau ina tuna yanda na sha wahala a shekarar farko sabida kunnena yana kama kiɗa da sauri amma takarda ta zame min duhu. Shi ya sa ranar da ɗan yayata, yaro ɗan shekara 12 da aka ba kilarinet, ya zo min da takardarsa ya ce "Kawu don Allah duba min, malam ya ce mu koma kan alama mu tsallaka zuwa koda, kowa ya tafi ni kaɗai na tsaya ina dube-dube", sai naji abun ya taɓa ni sosai, don na san wannan tsayuwar, kana riƙe da abun busa a baki kowa yana tafiya kai baka san inda ake ba. Ƙanwarsa kuma 'yar shekara 10 biyola, wani goge mai kama da bayolin amma ya ɗan fi shi girma, aka ba ta a okestirar yara. Na ce bari in saya musu abu ɗaya da za su dinga amfani da shi tare.

Ta fannin ƙira ba ni da ƙorafi mai yawa. Katunan suna da kauri, an shafe su da leda, wanda duk mai busa ya san amfanin haka sabida ruwan da ke taruwa a cikin kayan busa baya jin magana, sai ya ɗiga inda baka so. Rubutun manya ne, an raba su da launi, na layuka da mabuɗai (alamomin farkon layuka da ke nuna sunan sautin kowane layi) launinsu daban, na tsawon sauti daban, na kalmomin Italiyanci daban. Kwalin ne kawai bai yi ƙarko ba, sati uku murfin ya yage, yanzu da roba muke ɗaure su.

Kason farko, na layuka biyar ɗin nan da ake rubuta kiɗa a kansu, gaskiya sun yi ƙoƙari. Abun da ya burge ni shine basu tsaya kan "haddace wannan" kawai ba, katin mabuɗin tirebul ya nuna da jan launi yanda cikin alamar ya naɗe layi na biyu daga ƙasa, ya ce wannan layin shine G, shi ya sa ma ake kiransa mabuɗin G. Na bas kuma ɗigo biyun nan sun saka layi na huɗu a tsakiya, wannan shine F. Da yaro ya gane haka ko ya manta sauran zai iya ƙirgawa daga nan ya gano, maimakon ya zauna yana jiran abun da ya haddace ya dawo masa. Layukan tirebul daga ƙasa E G B D F ne, tsakankaninsu F A C E, na bas kuma G B D F A da A C E G. A bayan wani kati sun ɗan taɓo tarihi, cewa wani malamin coci ɗan Italiya, Gido na Arezzo, a ƙarni na 11 shine ya daidaita wannan tsarin na rubuta sauti a kan layuka, kuma daga wurinsa aka samo ut re mi fa sol la, wanda daga baya ut ɗin ya koma do. Yarinyar ta ji daɗin wannan sosai, wai ashe abun ya kusa shekara dubu.

Na tsawon sauti ma na yaba, musamman da suka saka sunaye iri biyu. Mutane da yawa basu san cewa Amurkawa da Turawan Ingila ba suna ɗaya suke kiran waɗannan alamomin ba. A Amurka lissafi suke bi, cikakkiya, rabi, kwata, ɗaya bisa takwas, ɗaya bisa sha shida. A Ingila kuma semibirib, minim, kurocet, kweba, semikweba. Yaro zai iya koyon ɗaya a aji ya buɗe bidiyo a intanet ya ji ɗayan ya ɗauka wani sabon abu ne, alhali abu ɗaya ne. Katin ɗigo shima ya fito fili, ɗigon da ke gefen ƙwayar sauti yana ƙara mata rabin tsawonta, mai bugu biyu ta koma uku, kuma sun ajiye shi kusa da katin ɗigon da ke sama ko ƙasan ƙwaya wanda shi kuma sitakato ne, wato a datse sautin. Ɗigo ɗaya, wurin zamansa ne kawai ya bambanta, ɗaya yana tsawaita ɗaya yana gajartawa. Wanda ya haɗa su kusa da juna ya san inda yara suke tuntuɓe.

Inda na fara ɗan ja da su shine katin 6/8. Sun rubuta cewa lambar sama tana faɗin bugu nawa ne a kowane ɗaki, wato ƙananan yankunan da ake raba layin kiɗa da su, ta ƙasa tana faɗin wace ƙwaya ce bugu ɗaya, saboda haka 6/8 bugu shida ne. A takarda ba ƙarya bane. Amma duk wanda ya taɓa busa kiɗan maci mai 6/8 ya san jagora ba shida yake kaɗawa da hannu ba, biyu yake kaɗawa, kowane bugu da 'ya'ya uku a cikinsa, ƊA-ya-ya BI-yu-yu haka. Yaron da ya tafi aji yana jiran ya ga hannu ya sauka sau shida zai rikice. Da biro na ƙara wannan a bayan katin.

Yanzu kalmomin Italiyanci, waɗanda su ne kusan rabin kwalin. Dalilin da ya sa Italiyanci ya mamaye takardun kiɗa shine a lokacin da aka fara rubuta irin waɗannan umarnin a kan takarda, wajen ƙarni na 17, mawaƙan Italiya ne suke tashe a Turai, sai kowa ya bi sahu har ya zama al'ada. Katunan sun ba da ma'ana amma basu nuna yanda ake furtawa ba, kuma wannan giɓi ne, don yaro zai ga kalmar a takarda ya ji ta daban a bakin malam ya kasa haɗa su. Sai dai a nan na gano wani abu da ya faranta min rai, wato mai karanta Hausa ya fi mai karanta Turanci saurin kama furucin. Wasulan kusan kaman namu ake karanta su, a a ne, i i ne, babu wani lauje cikin naɗi. Harafin c in ya zo kafin e ko i daidai yake da c ɗinmu na "ci" da "ce", don haka dolce da vivace da accelerando in ka karanta su da bakin Hausa ka kusa dacewa. In ya zo kafin a ko o ko u sai ya koma k, shi ya sa staccato ake cewa sitakkato. Kuma baƙi biyu a jere ana danna su kaman yanda muke danna "hannu" da "babba", kaman a allegro da tutti. Kalmar Fine da ke ƙarshen kiɗa fi-ne ake cewa, ma'anarta ƙarshe, yaron da farko da furucin Turanci yake karanta ta yana zaton yabonsa ake yi.

Akwai wata rana da bana mantawa. Na ɗaga kati mai ɗan ƙaramin p shi kaɗai, ya juya ya karanta piano, sai ya ce "toh Kawu wannan ai ba namu bane, na masu fiyano ne, a cire shi." Na ce masa a'a zauna, wannan naka ne, piano a Italiyanci a hankali yake nufi, forte kuma da ƙarfi, shi kansa fiyanon daga nan ya samo suna, sabida lokacin da Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Fulorens wajen shekarar 1700 abun mamakin shine yana iya yin sauti a hankali kuma yana iya yi da ƙarfi gwargwadon yanda ka danna, wanda kayan da ake da su kafin shi irin hafsikod basa iyawa. Sai aka dinga kiransa mai piano da forte, har aka gajarta. Tun daga ranar bai sake mantawa ba. Jerin dai shine pp, p, mp, mf, f, ff daga mafi sanyi zuwa mafi ƙarfi, m ɗin mezzo ne wato rabi ko tsaka-tsaki, sai crescendo da ake furtawa kireshendo, a dinga ƙarawa sannu a hankali, da diminuendo a dinga ragewa. Abun da katin bai faɗa ba kuma ni na sha faɗa a kansa lokacin ina yaro shine waɗannan ba ma'auni bane tsayayye. Forte na torombon da forte na sarewa ba ɗaya bane, in mu uku a layin baya muka saki iyakar ƙarfinmu ba wanda zai ji masu sarewa goma da ke gaba. Forte yana nufin da ƙarfi gwargwadon abun da ke kewaye da kai, kunne ne yake yanke hukunci.

Haka na saurin kiɗa, largo, adagio, andante, moderato, allegro, vivace, presto. Sun jera su daga mai nawa zuwa mai gudu kuma kowanne sun saka masa lambobin bugu a minti ɗaya irin waɗanda ake gani a jikin metironom, na'urar da ke ƙirga bugu, allegro misali daga 120 zuwa 168. Yana da amfani, ban ce a'a ba, amma na fi son inda suka saka ma'anar asali, andante daga tafiya ne, kaman mutum yana takawa ba gaggawa, allegro kuma asalinsa fara'a ne da walwala ba gudu kawai ba. Kalmomin sun girmi na'urar nesa ba kusa ba, don sai a 1815 Johann Maelzel ya yi wa metironom rajista, kuma Beethoven yana cikin na farko-farkon manyan mawaƙa da suka fara rubuta lambobinsa a kan kiɗansu. Kafin nan da yanayi ake gane sauri. Na ce wa yaran in kun ga andante ku tashi ku taka a ɗakin ku ji, kuma wallahi yana aiki fiye da lamba.

Kason da ya fi kowanne biyan bukatata shine na alamomin hanya, don shine dalilin sayen tun asali. D.C. wato da capo, koma kai, farkon kiɗa. D.S. wato dal segno, koma kan alamar nan mai kama da S da aka soke da sanda da ɗigo biyu. Al Fine, ka tafi har inda aka rubuta Fine ka tsaya. Al Coda, ka tafi har ka ga da'irar nan mai gicciye a ciki sai ka yi tsalle zuwa wutsiyar kiɗan, coda ɗin ma wutsiya take nufi. Sai layi biyu masu ɗigo na maimaitawa, da ƙarshe na 1 da ƙarshe na 2. A bayan kowanne sun zana 'yar taswira da kibiyoyi, wanda ya fi dogon bayani sau goma. Mu abun da muka yi shine muka shimfiɗa katunan a ƙasa a jere kaman hanya, yaron yana takawa yana ƙirga ɗakuna da baki, in ya iso D.S. ya juyo da gudu ya dawo kan alamar, ya sake tafiya, in ya iso da'irar ya tsallake zuwa ƙarshe, ƙanwarsa tana tsaye tana kama shi in ya yi kuskure tana ihu "Yaya ka wuce, ka wuce!" Da yamma ɗaya abun ya zauna masa. Satin da ya biyo baya ya dawo daga atisaye yana cewa har wani na kusa da shi ya nuna wa hanya.

Katin fermata, ɗigon nan mai rumfa a kansa, sun ce a riƙe sautin fiye da tsawonsa. Daidai ne. Ga ɗan badujala dai ma'anarsa ta gaskiya ita ce ɗaga kai ka kalli jagora, shine zai sake ka.

Bambancin ɗauri da lanƙwasa ma sun kawo shi, duka biyun layi ne mai lanƙwasa amma in ya haɗa ƙwayoyi biyu masu sauti ɗaya ɗauri ne, ka haɗe tsawonsu ka busa sau ɗaya, in kuma sautukan sun bambanta toh legato ake so, su zubo a jere ba yankewa. Sai dai a nan ne na fara lura da wani abu, bayanin ya tsaya a "a yi shi sumul". Toh ta yaya? Ga mai busa ma'anarsa harshe ya taɓa a ƙwayar farko kawai, sauran iska ce da yatsu. Ga mai biyola ko bayolin ma'anarsa duk ƙwayoyin da ke ƙarƙashin layin a jan baka ɗaya, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, za a yi su ba tare da an juya hannu ba. Katin bai ce komai a kan wannan ba, kuma daga nan na fara zargin cewa wanda ya tsara kwalin da ɗalibin fiyano a ransa ya tsara, aka zo aka buga hoton kayan busa a murfi.

Zargin nawa ya tabbata ranar da yaron ya dawo ransa a ɓace, ya ajiye akwatin kilarinet ɗin ko buɗewa bai yi ba. Na ce lafiya? Ya ce "Kawu malam ya ce kowa ya busa B-fulat na konsat, na busa B-fulat kaman yanda na koya, yatsuna daidai suke na duba, amma sautina ya fita daban da na kowa har aka juyo ana kallona." Na ce ɗauko katunan mu duba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu ko kati ɗaya da ya yi maganar wannan. Ba ko ɗaya. Kuma wannan fa shine abu na farko da ɗan badujala yake cin karo da shi, tun ranar farko, tun kafin a fara kiɗan ma.

Ga yanda abun yake ga wanda bai sani ba. Wasu kayan busa abun da aka rubuta musu a takarda ba shine sautin da yake fita ba. Kilarinet ɗin da yara suka fi farawa da shi da tarampet duka na B-fulat ne, wato in suka busa abun da takardarsu ta kira C, sautin da kunne zai ji B-fulat ne, taki ɗaya cikakke ƙasa. Don haka in malam ya ce B-fulat na konsat, yana nufin sautin gaskiya irin wanda fiyano zai bayar, mai kilarinet C ɗinsa zai busa. Yaron nan da ya busa nasa B-fulat ɗin, A-fulat ne ya fita, shi ya sa ya yi karo da kowa, kuma ba laifinsa bane ko kaɗan. Mai alto sakisofon, kayan da Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a 1846, na E-fulat ne, shi G zai busa. Mai hon na F shi kuma F zai busa. Sarewa da obo da torombon su abun da aka rubuta shi ke fita, shi ya sa ni ban taɓa shan wannan wahalar da kaina ba sai dai na ga abokaina suna sha. An yi haka ne don sauƙi, don mai busa ya iya sauya daga ƙaramin kayan zuwa babbansa na dangi ɗaya ba tare da ya sake koyon yatsu ba, mai sakisofon ko alto ya ɗauka ko teno, in ya ga C yatsunsa wuri ɗaya za su je. Dabara ce mai kyau amma dole a gaya wa yaro, in ba haka ba zai ɗauka kunnensa ne ko hannunsa ke da matsala, kuma irin wannan ne yake sa yara su ajiye kayan su ce ba za su iya ba. Kwalin da aka rubuta badujala a jikinsa ya rasa wannan, gaskiya abun ya ba ni haushi.

Ita kuma yarinyar nata ya fi ma. Biyola da mabuɗin alto ake rubuta mata, wanda C na tsakiya yake kan layi na uku, tsakiyar layukan cif. A duk kwalin kati ɗaya tak ne ya nuna hoton wannan mabuɗin ya faɗi sunansa, shikenan, alhali tirebul da bas kowanne yana da katunan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya na gwaji. Kuma haɗarin ba ƙarami bane, ƙwayar da ke zaune a layin tsakiya a tirebul B ce, a alto C ce, a bas D ce, wuri ɗaya suna uku. Da na bar ta tana gwaji da katunan yayanta da ta koyi abun da zai rikita ta a aji. Sai da na raba su na ce waɗannan kar ki taɓa. Ta ce "Kawu ni ba a yi da ni ba kenan?" Ban ji daɗin tambayar ba don gaskiya ta faɗa. Masu biyola dama an saba mantawa da su, ga shi har a kwalin yara. Mabuɗin teno ma da masu celo da basun da mu masu torombon muke haɗuwa da shi in sauti ya yi sama, babu shi sam, amma wannan zan iya yafewa tunda ba na 'yan farko bane.

Kalmomin masu tsirkiya akwai pizzicato, a tsinka da yatsa, da arco, a koma kan baka, su biyun kenan. Babu alamar jan baka ƙasa da tura shi sama, waɗanda suke kan kusan kowane layi na takardarta. Babu divisi, inda masu zama layi ɗaya suke rabuwa biyu kowa ya ɗauki sauti ɗaya. Babu con sordino na saka abun rage sauti. Tutti (kowa tare) da solo (mutum ɗaya) suna nan, tacet (ka yi shiru) babu. Sannan babu dogon hutu, wato sandar nan mai kauri da lamba a kanta, misali 16, ma'ana ka yi shiru ɗaki goma sha shida kana ƙirgawa. Mai fiyano baya bukatar wannan sabida shi kaɗai yake kiɗansa, amma a ƙungiya rabin aikin ƙirga shiru ne, ni na sha zama ɗaki arba'in ko fiye ban busa komai ba, kuma in ka shigo da wuri da bugu ɗaya kowa a zauren zai sani. Yanda ake ƙirgawa na koya musu, ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, uku biyu uku huɗu, lambar farko tana gaya maka ɗaki na nawa kake.

Don kar in yi musu rashin adalci, katunan alamar mabuɗi, wato tarin shaf (mai ɗaga sauti rabin taki) ko fulat (mai sauke shi rabin taki) da ke farkon layi masu nuna tsanin sautin da kiɗan zai bi, suna da kyau kuma cikakku ne. Jerin shaf F C G D A E B, na fulat kuma ka karanto shi daga baya, B E A D G C F, sun nuna wannan ƙarara har da dabarar cewa fulat na kusa da na ƙarshe shine sunan tsanin, shaf na ƙarshe kuma ka hau rabin taki. Tsarin tsanin manjo, wato jerin do re mi, ma yana nan, taki cikakke cikakke rabi, cikakke cikakke cikakke rabi. Shawarata kawai kar a bi su a jeren da suka zo. Ɗan badujala da masu fulat zai fara haɗuwa, B-fulat, E-fulat da F na konsat, sabida kayan busa a nan suka fi sakewa. 'Yar okestira kuma masu shaf, D da G da A, sabida tsirkiyoyin bayolin G D A E ne, na biyola da celo C G D A. Ko wajen daidaita sauti ma sun bambanta, okestira A take bi, mai obo ya bayar kowa ya daidaita, A ɗin nan da aka tsayar a girgiza 440 a daƙiƙa, badujalar makaranta kuma galibi B-fulat. Yara biyu a gida ɗaya amma kusan kowa da ƙofar da ya shigo ta.

Yanda muke amfani da su yanzu, kashi uku muke yi, irin tsarin da wani Bajamushe Sebastian Leitner ya fito da shi a 1972, wanda ka sani ya matsa gaba a dinga duba shi jefi-jefi, wanda ka faɗi ya dawo kashin farko a duba shi kullum. Minti goma ya isa. Amma dokar da na kafa wadda nake ganin ita ce ta sa kuɗina bai tafi a banza ba ita ce ba a amsa kati da baki kawai, sai da kayan kiɗa a hannu. In na ɗaga staccato bana son jin "a datse", busa min. In na ɗaga crescendo ja min baka daga sanyi zuwa ƙarfi in ji. A watan farko da baki muke yi kuma yaron ya haddace kusan duka, sai na saurare shi yana busa takardarsa na ga yana wuce p da f kaman babu su a wurin, ya san ma'anarsu sarai amma sanin bai sauko hannu ba. Da muka koma yi da kayan ne abun ya canza. Wani lokacin kuma nakan rubuta musu ɗan layi a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa ce ta kyauta, in saka alamar in cire su ji bambancin da kunnensu.

Toh wa zan ce ya saya? In yaronka sarewa yake busawa ko bayolin ko torombon, saya kai tsaye, zai amfana da kusan duka. In kilarinet ne ko tarampet ko sakisofon ko hon, saya amma ka sani akwai babban rami a ciki da sai kai ko malaminsa kun cike. In biyola ce, kafin ka biya ka tabbatar akwai katunan mabuɗin alto na gwaji ba hoto ɗaya kawai ba, in mai sayarwa ya nuna jerin abun da ke ciki ka duba kalmomi uku, sautin konsat, alto, da dogon hutu, in babu su ka san da fiyano aka yi kwalin.

Mu dai farin kwali na samo muka yanka daidai girman nasu, muka zauna mu uku muka rubuta namu guda talatin da ɗaya. Yaron ya yi na konsat da kansa, a gaba ya rubuta abun da malam zai ce, a baya abun da yatsunsa za su yi. Yarinyar ta zana mabuɗin alto sau goma sha biyar, kowanne da ƙwaya ɗaya a wurinta, na farkon sun karkace amma zuwa na ƙarshe hannunta ya faɗa, kuma ta ce nata a saman tarin za a dinga ɗaure su da robar.